Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Tsibirin Ikko Zuwa Birnin Landan da Matsayin Kano a Tsakaninsu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga birnin Kano ya san Na'ibawa. A nan tashar mota take, inda matafiya kudu sukan yi sammako. A nan ne kuma kasuwar 'Yan Lemo da ta 'Yan Katako suke, inda manyan motoci sukan sauke lemo da ayaba da abarba da katako bayan sun kwana a kan hanya daga kurmi. Idan baƙo ya tsaya a wannan wuri ya tambayi direban babbar mota ko mene ne nisan Ikko daga Kano, da wuya ya ji an ambaci mil ko kilomita. Abin da za a ce masa shi ne, "Kwana ɗaya ne in mota tana da lafiya, kwana biyu in hanya ta ɓaci." Wato dai a wurin mutumin tasha, lokaci shi ne ma'aunin nisa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gane nisan da ke tsakanin wurare biyu ta jirgin sama. An ɗauki misali da tsibirin Ikko, wanda yake cikin ƙasashe masu zafi, da kuma Landan, babban birnin Ingila, wanda yake can arewacin duniya. Dalilin zaɓen waɗannan wurare shi ne, birnin Kano ya daɗe yana zaman zango a tsakaninsu. Za a nuna cewa nisa iri uku ne: akwai wanda yake a kan doron ƙasa, wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa, akwai wanda jirgi yake bi a zahiri, akwai kuma wanda matafiyi yake ji a jikinsa, wato lokaci. Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne ya ɗaukaka filin jirgin saman Kano a wani zamani, shi ne kuma ya rage masa ciniki daga baya.

2.0 Ma'aunin Nisa a Wurin Bahaushe

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da hanyoyinsa na auna tsawo da nisa, kuma yawancinsu daga jikin ɗan Adam aka samo su. Masaƙi da ɗan koli sukan auna da kamu, mai haƙar rijiya da mai sayar da igiya sukan auna da gaba, magini da manomi kuwa sukan ƙirga taku. Idan wuri yana kusa sai a ce jifa ne. Idan tafiya ta miƙe, to, sai a koma ga rana: a ce tafiyar hantsi ce, ko ta yini, ko ta kwana kaza. Fatake kuwa zango suke ƙirgawa, wato wurin da ayari yake sauka ya kwana bayan tafiyar yini guda. Zango ba shi da tsayayyen tsawo, domin madugu yana duba inda ruwa yake, da inda dabbobi za su sami abinci, da inda babu tsoron 'yan fashi, sannan ya yanke inda za a sauka.

Mil ya shigo ne tare da Turawan mulki da duwatsun da suka kakkafa a bakin hanya, har ya zama sunan wurare, kamar Mil Tara da ke kan hanyar Katsina. Kilomita kuwa ta zama ma'aunin hukuma a Nijeriya a cikin shekarun 1970. Duk da haka tunanin zango bai gushe ba, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, jiragen sama na farko ma da zango-zango suka riƙa tafiya, tamkar ayarin raƙuma.

3.0 Inda Wuraren Suke

Asalin Ikko tsibiri ne da ke tsakanin tafki da bakin tekun Atlantika. Gadar Carter, wadda aka fara ginawa a shekarar 1901, ita ce ta haɗa shi da sauran ƙasa. Ikko ce babban birnin Nijeriya har zuwa watan Disamba na shekarar 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja. Filin jirgin samanta ba a kan tsibirin yake ba, yana Ikeja ne, kimanin kilomita 20 arewa da shi, kuma tun shekarar 1976 ake kiransa da sunan Janar Murtala Muhammed. Babban filin jirgin Landan kuwa shi ne Heathrow, wanda yake yamma da birnin. Saboda haka idan an ce nisan Ikko zuwa Landan ta sama, ana nufin daga Ikeja zuwa Heathrow ne, ko da yake wannan ɗan bambanci bai taka kara ya karya ba idan aka dubi tsawon tafiyar gaba ɗaya.

Masana labarin ƙasa sun zana wa duniya layuka iri biyu domin a san mazaunin kowane gari. Akwai layukan kwance, waɗanda suke kewaye duniya daga gabas zuwa yamma. Babbansu shi ne Ikwaita, wanda ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Akwai kuma layukan tsaye, waɗanda suke tashi daga ƙuryar arewa su ƙare a ƙuryar kudu. Wanda ake fara ƙirga daga kansa shi ne wanda ya ratsa unguwar Greenwich a cikin Landan, bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka yi a shekarar 1884. Da digiri ake ƙirga waɗannan layuka duka. Ikko tana kan digiri 6 da rabi arewa da Ikwaita, da digiri 3 da 'yan kai gabas da Greenwich. Landan tana kan digiri 51 da rabi arewa, a kan layin Greenwich kansa. Kano kuwa tana kan digiri 12 arewa, da digiri 8 da rabi gabas.

4.0 Yadda Ake Lissafin Nisa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan lissafi ita ce mutum ya sayi lemo guda a 'Yan Lemo, ya ɗauke shi a matsayin duniya. Hancin lemon shi ne ƙuryar arewa, gindinsa kuma ƙuryar kudu. Idan aka ɗiga tawada a wurare biyu a bayan lemon, aka ɗauki zare aka ɗame shi daga wannan ɗigo zuwa wancan, to, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta a tsakaninsu. Idan kuma aka sa wuƙa aka bi sawun zaren aka yanka har ƙarshe, za a tarar wuƙar ta ratsa tsakiyar lemon ta raba shi gida biyu daidai wa daida. Da'irar da wannan yanka ya fitar ita masana suke kira babbar da'ira, kuma gajeriyar hanya tsakanin kowaɗanne garuruwa biyu a duniya yanki ce ta irin wannan da'ira. Da irin wannan lissafi ne kuma ake fitar da alƙibla ga garuruwan da suke nesa da Makka.

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Sanin haka ba sabon abu ba ne. Wani masani Bagirke mai suna Eratosthenes, wanda ya zauna a Iskandariyya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙiyasta shi ta hanyar gwada inuwar rana a Iskandariyya da Aswan. Haka kuma wajen shekarar 830, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana taurari su auna tsawon digiri guda a filin Sinjar. Tun da yake kowace da'ira digiri 360 ce, idan aka raba 40,000 gida 360 za a sami kilomita 111 da 'yan kai. Ma'ana, duk wanda ya miƙe arewa sak, to, kowace kilomita 111 da ya ci ya haye digiri guda ke nan.

Daga nan lissafin Ikko da Landan ya zo da sauƙi. Idan aka ɗebe 6 da rabi daga 51 da rabi, saura 45. Idan aka ninka 45 sau 111, za a sami 4,995, wato kimanin kilomita 5,000, ko mil 3,100. Wani abin sha'awa shi ne, digiri 45 kashi ɗaya ne cikin takwas na 360. Ashe ke nan wanda ya tashi daga Ikko ya sauka a Landan ya ci sumunin kewayen duniya cif.

Mai karatu yana iya tambaya, ina aka bar bambancin gabas da yamma? Amsa ita ce, bambancin bai kai digiri 4 ba, kuma abin da yake ƙarawa a kan tafiyar bai kai kilomita 20 ba. Misalinsa kamar mutum ne ya nufi wata bishiya da ke taku 100 a gabansa amma ta ɗan goce hagu da taku 6. Ƙarin da zai yi bai kai taku guda ba. Daɗin daɗawa, layukan tsaye suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa, kamar yadda ɓangarorin lemo suke tsukewa wajen hanci. A Ikwaita tsakanin layi da layi kilomita 111 ne, a Kano kimanin 109, amma a Landan bai fi 69 ba. Idan garuruwa biyu sun yi nisa da juna ta gabas da yamma, lissafin ba ya yiwuwa ta wannan gajeriyar hanya, sai an shiga lissafin kusurwoyi. Da shi ne aka gano cewa daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 830 ne, daga Kano zuwa Landan kuma kimanin kilomita 4,460.

Ya kamata a sani cewa matuƙa jirgin sama da na ruwa suna da nasu mil dabam, wanda ake kira mil ɗin teku. Tsawonsa mita 1,852 ne, kuma an samo shi ne ta raba digiri guda gida 60. Saboda haka a bakin matuƙi, nisan Ikko da Landan mil 2,700 ne, wato 45 sau 60. Sau da yawa saɓanin alƙaluman da akan gani a littattafai daga nan yake tasowa: wani ya rubuta 5,000, wani 3,100, wani 2,700, alhali kuwa nisa guda suke nufi.

5.0 Ruɗin Taswira

Me zai hana a ɗora rula a kan taswirar da ke rataye a bangon aji a auna kawai? Amsar tana ga lemon nan. Idan aka ɓare ɓawonsa aka yi ƙoƙarin shimfiɗa shi a kan tebur, dole ya yage, ko kuwa a ja shi ya miƙe fiye da yadda yake. Haka duniya take. Ba shi yiwuwa a shimfiɗa ta a kan takarda ba tare da an tauye wani wuri ko an kumbura wani ba. Taswirar da aka fi sani a makarantu ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a shekarar 1569 domin amfanin matuƙa jirgin ruwa. Tana nuna kusurwoyi daidai, amma tana kumbura ƙasashe gwargwadon nisansu daga Ikwaita. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A daidai Landan, taswirar ta ja ƙasa fiye da ninki ɗaya da rabi na yadda ta nuna ta a Ikwaita. Wanda ya auna Ikko zuwa Landan da rula, ya kuma yi amfani da ma'aunin Ikwaita, zai sami nisan da ya zarce gaskiya.

Har ila yau, miƙaƙƙen layi a kan irin wannan taswira ba lalle ne ya zama gajeriyar hanya ba. Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa yammacin Amurka yakan bi ta kan Girinlan da arewacin Kanada, hanyar da a takarda take kamar baka, amma a kan lemo ita ce inda zare ya kwanta. Ikko da Landan sun tsira daga wannan ruɗi, domin kusan a kan layin tsaye ɗaya suke. Zaren da aka ɗame a tsakaninsu yana bi ta yammacin Nijeriya da Binin, ya wuce gabas da Yamai kaɗan, ya taɓa kusurwar Mali, ya ratsa hamadar Aljeriya, ya haye Bahar Rum ta gabashin Sifen, ya bi ta Faransa, sannan ya faɗa Ingila. Kano tana gabas da wannan layi da kimanin kilomita 600. To, tun da ba a kan hanya take ba, yaya aka yi ta zama zango?

6.0 Yadda Kano Ta Zama Zangon Jiragen Sama

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Sanin gajeriyar hanya dabam, iya bin ta kuma dabam. Shekaru da yawa mutumin Ikko ko na Kano da yake nufin Ingila ta ruwa yake tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma layin dogo daga Kano zuwa Ikko ya haura kilomita 1,100. Daga Apapa sai a shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster, a kewaye gaɓar Afirka ta Yamma, a yi kimanin mako biyu kafin a kai Liverpool. Ta ruwa ne Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila a shekarar 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ya ba da labarinta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Jirgin fasinja na ƙarshe na wannan kamfani, mai suna Aureol, ya daina zuwa Ikko a shekarar 1974.

Jiragen sama sun fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, a ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, suka yi ta yada zango har suka sauka a filin wasan dawaki. A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar ɗaukar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano, kafin ƙarshen shekarar kuma ya miƙa ta zuwa Ikko. A wancan lokaci mai zuwa Landan daga Ikko sai ya zo Kano, ya yi gabas zuwa Khartum, ya bi kogin Nilu zuwa Masar, sannan ya haye Turai. Tafiyar ta haura kilomita 8,000, ana kuma kwanaki a kanta. Dalili kuwa shi ne jiragen ƙanana ne, man da suke ɗauka ba ya kai su nesa, ga shi kuma babu filayen sauka a tsakiyar Sahara.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa Kano muhimmanci. Daga shekarar 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da El Fasher da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, aka kuma faɗaɗa filin Kano domin ya ɗauke su.

Bayan yaƙi aka sami jirage masu farfela huɗu waɗanda suke iya tsallake hamada a tashi ɗaya. Sai kamfanin BOAC na Ingila ya riƙa bin hanyar Ikko, Kano, Tarabulus, Landan. Idan aka lissafa wannan hanya za a ga hikimarta. Ikko zuwa Kano kilomita 830, Kano zuwa Tarabulus kimanin 2,340, Tarabulus zuwa Landan kimanin 2,360. Jimilla kimanin kilomita 5,500 ke nan, wato ƙarin 500 kacal a kan miƙaƙƙiyar hanya, amma an karkasa tafiyar yadda babu zangon da ya kai kilomita 2,400. Kano ita ce babban gari na ƙarshe kafin a faɗa hamada, ga ta da jirgin ƙasa mai kawo mai daga bakin teku. Saboda wannan dalili ne jiragen KLM masu zuwa Johannesburg daga Amsterdam, da na Sabena masu zuwa Leopoldville, wato Kinshasa, daga Brussels, su ma suka riƙa sauka a Kano su sha mai.

Wani abin lura shi ne, wannan hanya ta sama ta bi sawun tsohuwar hanyar fatake ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin raƙuma yake tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas zuwa kasuwar Kurmi, ya yi watanni a hanya, kuma Larabawan da suke wannan fatauci suna da unguwarsu a cikin birni, wato Dandalin Turawa. Abin da ya sa raƙumi ya sauka a Kano shi ne ya sa jirgi ya sauka: hamada ce a gaba, dole a yi guzuri.

Haɗarin hamadar kuwa bai gushe ba don an hau sama. A watan Mayu na shekarar 1952, wani jirgin BOAC samfurin Hermes ya tashi daga Tarabulus da dare ya nufo Kano. Saboda kuskuren da aka yi wajen saita kamfas, sai ya karkata yamma, ya yi ta tafiya har mai ya ƙare, ya sauka a cikin rairayi kusa da Atar ta ƙasar Muritaniya, fiye da kilomita 2,000 daga Kano. Mutanen ciki sun fita da rai, amma mataimakin matuƙin ya rasu daga baya. Wannan ya nuna cewa sanin nisa ba ya wadatarwa sai an haɗa da sanin fuska.

7.0 Abubuwan da Ke Ƙara Nisa da Lokaci

Ranar 29 ga Afrilu, 1964, jirgin VC10 mai injin jet ya fara aikin ɗaukar fasinja, kuma hanyar Landan zuwa Ikko ce aka fara sa shi a kai. An ƙera shi ne musamman domin filaye masu zafi da gajeren titi irin na Afirka. A Kano, wadda take kimanin mita 470 sama da teku, zafi yakan haura digiri 40 da bazara. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji kuma ƙarfinsa yakan ragu. Sai jirgi ya nemi dogon titi ko kuwa a rage masa kaya. Daga wannan zamani jirage suka yi ta ƙara gudu da cin nisa. Jirgin fasinja na yanzu yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, wato kimanin ninki biyu na masu farfela, kuma yana gama tafiyar Ikko zuwa Landan a cikin awa 6 da rabi ko kusa da haka, ba tare da ya sauka ko'ina ba.

Idan aka raba 5,000 da 870 za a sami ƙasa da awa 6. Ragowar lokacin yana tafiya ne wajen hawa da sauka, inda jirgi ba ya sakin gudu, da kuma jiran izinin sauka. Bugu da ƙari, jirgi ba ya bin zaren nan sak. Akwai hanyoyi da aka shata a sama waɗanda masu kula da zirga-zirgar jirage suke ba da izinin bi, akwai kuma hadari da ake kauce wa, musamman da damina. Iska ma tana da nata tasiri, sai dai ta fi shafar masu tafiya gabas da yamma, domin manyan iskokin sama daga yamma suke busowa. Tun da tafiyar Ikko da Landan ta kudu da arewa ce, zuwa da dawowa kusan lokaci ɗaya suke ci. Agogo ma bai cika rikita matafiyi ba: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila da na Nijeriya ɗaya ne, sauran watanni kuwa Nijeriya tana gaba da awa guda.

Doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da ya fi na nisan tafiyarsa, yadda zai iya jira a sama, ko ya juya zuwa wani fili idan sauka ta gagara. Kano ta sha zama irin wannan fili ga jiragen Ikko. Jirgin alhazan da ya yi haɗari a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, inda mutum 176 suka rasu, Ikko ya nufa daga Jidda, rashin kyawun yanayi ne ya sa aka juyo da shi.

Siyasa ita ma tana tsawaita hanya. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji sun rufe sararin ƙasar daga farkon Agusta zuwa farkon Satumba, kuma a tsawon wannan lokaci jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya sai da suka riƙa kewayawa, suna ƙara mai da lokaci. Ikko da Landan ba su gusa daga inda suke ba, amma tafiyar ta ƙaru.

8.0 Abin da Ya Rage wa Kano

Ranar da jirgi ya iya cin kilomita 5,000 a tashi ɗaya, ranar ce hujjar sauka a Kano don shan mai ta faɗi. Sannu a hankali kamfanonin Turai suka riƙa wucewa ta sama. Komawar gwamnati Abuja ta janye wani kaso na matafiya, kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe a shekarar 2003, KLM kuma, wanda ya fi shekara 60 yana zuwa, ya daina a shekarar 2012. Filin, wanda ake kira da sunan Malam Aminu Kano, ya ci gaba da aikin alhazai da 'yan kasuwa masu zuwa ƙasashen gabas da kuma zirga-zirgar cikin gida.

Ga abin da alƙaluma suke nunawa. Kano ta fi Ikko kusa da Landan da fiye da kilomita 500. Amma Bakanon da ya bi ta Ikko zai yi kilomita 830 zuwa kudu, sannan ya juyo arewa ya yi 5,000, jimilla 5,830 a maimakon 4,460. Wanda ya bi ta Abuja zai yi kimanin 5,140, wanda ya bi ta Alƙahira kuwa kimanin 6,600. Haka abin yake ga kaya. Unguwar masana'antu ta Bompai tana dab da filin jirgi, Sharaɗa da Challawa kuma ba su da nisa da Na'ibawa. Fatar da aka jeme a Challawa domin kasuwannin Turai, idan ta ruwa za ta bi, sai ta hau babbar mota ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa bakin teku, ta ba Turai baya, kafin ta fuskance ta. A da kuwa fatar jar akuya daga ƙasar Hausa arewa take yi kai tsaye a bayan raƙumi, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun mutanen Arewacin Afirka take isa gare su.

Darasin da ke ciki shi ne, zangon da gajiyar abin hawa ta kafa yakan tashi idan abin hawa ya daina gajiya. Zangon da yake dawwama shi ne wanda yake da abin saye da sayarwa. Jirgi ba zai sauka a Kano a yau don yana jin ƙishirwar mai ba, sai dai idan akwai isassun fasinja da kayan da za su cika shi. Saboda haka makomar filin jirgin tana ɗaure da lafiyar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da kuma kasuwannin birnin.

9.0 Kammalawa

An ga cewa nisan da ke tsakanin tsibirin Ikko da birnin Landan digiri 45 ne, wato kimanin kilomita 5,000, kuma kowane ɗalibi yana iya fitar da shi da alƙalami idan ya san mazaunin garuruwan biyu. An ga kuma cewa nisan da jirgi ya bi a zahiri ya sauko daga fiye da kilomita 8,000 a shekarar 1936, zuwa kimanin 5,500 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa kusan 5,000 a zamanin jet. Lokaci kuma ya sauko daga mako biyu ta ruwa zuwa awa 6 da rabi. Direban Na'ibawa da ya amsa tambayar nisa da kwana bai yi kuskure ba, domin nisan da ya shafi matafiyi da ɗan kasuwa shi ne wanda hanya da abin hawa da hukuma suka ba shi damar bi. Wanda yake son ya san ko nawa aka ƙara masa a kan haƙƙinsa, sai ya fara sanin inda zare ya kwanta a kan lemo.